Sarber a Mangazar Tattasai

Diffa, 6 ga Nuwamba 2022

Zuwa ga taubashiyata Rabi'atu Umara, a Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da aikin nan da ya ɗaure miki ƙafa. Mu nan alhamdu lillahi. Matata Fauziyya tana gaishe ki, yara ma haka, har da ƙaramin da bai san ki ba sai a hoto. Komadugu ya cika bana har ya ci gonakin wasu a Shetimari, amma tattasan da ya tsira ya yi ja mai kyau, ƴan Kano sun fara leƙowa.

Mahaifiyarki Goggo Zuhura tana nan wurina, jiki lafiya, sai dai ido. Kullum da safe tana bin Fauziyya mangaza, shagon ajiyar kayana, ta zauna cikin mata masu cire hancin tattasai. Da hannu take aikin, kuma ta fi masu ido biyu sauri. Lokotoro ya ce na hagu ya tafi. Na dama yana gane fuska idan mutum ya matso kamar tsawon hannu. Ya ce ba yana ba ce da za a kankare, kuma kada mu sa rai da shi bayan damina mai zuwa. Na faɗa miki a waya, kika ce rezo na yankewa. Takarda ba ta yankewa, shi ya sa na sake faɗa.

Sha'ibu direba ya kawo mini saƙonki, kle ɗaya na sokawa a kwamfuta da takarda shafi uku. Bari in maimaita yarjejeniyarmu, don na san halin ƴan boko. Mutanen garinmu Dalaram da rikici ya tasa, da waɗanda ke Asaga da Shetimari da na nan cikin gari, suna son ganin hotunan garin da kika yi shekaru kina tarawa daga wayoyin jama'a. Ke kika ce a zuba su cikin tsohuwar ordinatar, kwamfutar nan da na samu wurin wani porje na agaji da ya naɗe tabarmarsa, ta zama sarber, duk wanda ya shigo mangazata ranar kasuwa ya kama wifi ɗinta da wayarsa, ya ga gidansu da gonarsa ba sai ya sayi rezo ba. Na ce madalla. Amma ni tuwo na roƙa, Madam anjiniya, sai ga shi kin aiko mini gero a zangarniya.

Duk da haka na bi takardarki. Na kwance ƙunshin Apache, na rubuta ./configure da doguwar jelar da kika jera masa, harafi bayan harafi, ina nuni da yatsa kamar ɗan aji ɗaya. Rubutu ya yi ta sauka a ekran kamar ana sauke buhuna daga tirela. Can sai ya tsaya cak, ya ce bai ga wani PCRE ba. Na binciki kle ciki da bai, babu shi. Na tambayi Sha'ibu ko ya ci a hanya, ya rantse gyaɗa kaɗai ya ci.

Sharif mai gyaran waya ya ce shi idan yana da rezo, layi ɗaya yake bugawa abin ya sauko a dafe. To mi ya sa ni za ki sa ni daka da tankaɗe?

Akwai hanya mafi sauƙi ma. Motar kar tana tashi daga Yamai kullum. Shekara bakwai ke nan rabonki da mu, Rabi. Ki zo ki danna abinki da hannunki, ni in tsaya ina miki fifita.

Naki taubashi,
Mamman Sani

Yamai, 15 ga Nuwamba 2022

Zuwa ga Mamman Sani, sarkin surutun kasuwar tattasai.

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Ka gaishe mini da Inna da kyau, ka ce na aiko mata man ƙafa da mayafi, suna cikin ledar. Ka gaida Fauziyya, Allah ya ba ta ladan haƙuri da kai. Maganar ido na ji. Ina tambaya nan ko akwai wani lokotoron da za a gwada.

PCRE laifina ne, na manta. Ga shi a kle, tare da APR da ɗan'uwansa. Ka fara haɗa su, sannan ka koma kan Apache. Kowanne taki uku ne: ./configure ya auna mashin ɗin, make ya ɗinka, make install ya rataye kowane abu a wurinsa. Kada ka tsallake, kada kuma ka rage jelar nan da kake ƙorafi a kai. Na san ka, ko gaisuwa sai ka nemi ragi.

Ka tambayi dalili. Ordinatarka tsohuwa ce, tsarin da ke cikinta ya tsufa, kuma ba ta da rezo. Abin da Sharif ke saukowa riga ce ta kanti, an ɗinka don jikin wasu. Ni yadi na aiko maka, mashin ɗin ta ɗinka daidai jikinta.

Idan Apache ya tashi, saura modil. Su ne ƙananan sassan da ake ɗaura masa don ya iya wani aiki. Wanda zai jera hotuna gida gida, gona gona, shi ne na PHP. Shi ma a cikin mashin ɗin za ka haɗa shi, kuma zai daɗe, ka yi haƙuri. Ka ji ni da kyau: kada ka karɓi modil daga hannun kowa. Wanda aka haɗa don wani sarber ba ya zama a naka.

Na sa wani ɗan fishiye, sunansa gwaji, muryata ce ta ƴan daƙiƙu. Ka buɗe shi da wayar Fauziyya don mu san sauti na fita. Bayan nan ka goge shi, ba shi da amfani.

Zuwa kuwa, aiki ya yi yawa yanzu. Ka dai bi takarda. Idan mutumin da ke sayar wa ƴan Kano tattasan bara a matsayin na bana ya kasa taki uku, idan abin ya gagare ka ƙwarai, to sai in zo da kaina in haɗa, in yi maka dariya a gaban matan mangaza.

Taubashiyarka,
Rabi'atu

Diffa, 1 ga Disamba 2022

Rabi'atu,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Goggo ta yafa mayafin, ta shafa shi da hannu ta ce mai kyau ne, ta tambaye ni launinsa. Na ce shuɗi. Ta ce ai kin san ba ta son shuɗi, ko kin manta. Ta yafa dai, ba ta cire ba.

Albishirinki. Apache ya tashi! Amma na sha wuya. Na buga make da hantsi, azahar ta yi yana ɗinki, sai kuran ya ɗauke, ba lantarki. Washegari na aro bateri da pano mai kama hasken rana wurin maƙwabcina. Mashin ta yi zafi kamar kaskon ƙosai, fankarta na hura ƙurar tattasai, duk wanda ya matso sai atishawa. Na ɗora ta kan bulo kusa da randa, na rufe ƙofa ɗaya. La'asar sakaliya ta gama. Na yi make install, na tada shi, na buɗe wayata, sai ga rubutu baƙi a farin shafi, kalma biyu na Turanci, wai yana aiki. Wallahi ranar da na fara kai mota Kano ban ji daɗi haka ba. Gwajinki ma ya fita. "Gwaji ne, gwaji ne, ɗaya, biyu, uku, Rabi ce, ana ji na?" Matan suka ce ana jin ki, ƴar Umara.

Yanzu goron albishir ɗin ki riƙe shi tukuna. Na fara haɗa PHP, na ga ya fi na farko tsawo, ga kasuwa ta matso. Sharif ya ce yana da modil ɗin a dafe, ya kwafo daga ordinatar wani biro, ofishin da ya yi wa aiki. Rabi, shekara ashirin ina cikin kasuwa. Idan buhu bai cika ba kuma mota na jira, daga na kusa ake ɗiba a cika, tattasai dai tattasai ne. Na karɓa, na zuba shi cikin ƴan'uwansa, na ƙara layinsa a httpd.conf yadda Sharif ya nuna mini. Sarber ya ƙi tashi ƙememe. Har kalma biyun nan sun ɓace. Na san kin hana. Na ɗauka irin hanin da kuke yi ne don a ce kun yi karatu.

Wani abu kuma. Kin san Goggo ba ta yarda takardarki ta shigo gida ba a karanta mata ba, daga sallama har sa hannu, sannan ta karɓa ta sa ƙarƙashin matashi. Na karanta mata duka, da APR da PCRE, tana gyaɗa kai kamar ta san iyayensu. Da na zo inda kika ce idan ya gagare ni za ki zo da kanki, sai ta ce in maimaita. Na maimaita. Tun ranar, duk safiya idan ta shigo mangaza sai ta ce, "Mamman Sani, ya gagara?"

Ki gaya mini abin da zan yi da mashin. Goggo kuwa ban san abin da zan ce mata ba.

Mamman Sani

Yamai, 9 ga Disamba 2022

Mamman Sani,

Gaisuwa. Ina lafiya, Allah ya sa ku ma haka. Ka ba Inna haƙuri kan mayafin, zan aiko mai ruwan ƙasa.

Abu ɗaya na hana ka, shi ka yi. Modil ɗin Sharif an ɗinka shi don wani Apache daban, tsoho. Naka ya duba shi ya ga ba jininsu ɗaya ba, shi ya sa ya ƙi tashi. Gyaran ba wuya. Ka goge layin da ka ƙara. Ka koma kan PHP da ka bari, ka nuna masa inda apxs yake kamar yadda na rubuta a shafi na uku, ka bar shi ya gama ko da zai kwana biyu. Shi da kansa zai rubuta layinsa.

Amma mi ya kai ka karanta wa Inna wancan layin? Wasa ne tsakanina da kai, ka fi kowa sani. Yanzu ka sa tsohuwa zaman jira. Ka gyara mashin, ka nuna mata gidanmu da itacen tsamiyar ƙofa, ka matso mata da wayar kusa da idon dama. Don ita na fara tara hotunan nan.

Rabi'atu

Diffa, 8 ga Janairu 2023

Taubashiyata,

Assalamu alaikum. Ki yafe jinkiri, lokacin kaya ne, motoci ba sa jira. Kowa lafiya. Goggo ta ɗan yi mura ta warke.

Rabi, abin nan ya gagara. Na goge layi, na nuna masa apxs, na jira, na yi duk abin da shafi na uku ya ce har takardar ta yage a lanƙwasa. Sarber ya ƙi. Na kira Sharif, ya duba ya ce wannan sai mai shi. Na hure ƙura, na sauya waya, na matsar da ita daga randa na mayar. Shiru. Mutane na zuwa ranar kasuwa daga Asaga, su tambaya, in ce sai anjiniya ta zo. Tsoho Mahaman, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da ta Baba Umara, ya ce in gaya miki shi ba ya da lokaci mai yawa na jiran boko.

Ni ɗan kasuwa ne, abin da ya fi ƙarfina ba na jin kunyar faɗa. Kin ce idan ya gagara ƙwarai za ki zo. To ya gagara ƙwarai. Ɗakin Fauziyya na baya an share.

Kin ce a waya in kwafo miki dosiye biyu, conf da logs. Ban san amfaninsu ba, amma ga su a kle, ban taɓa komai ba. Na haɗa miki da dakakken tattasai rabin tiya, don na ji na Yamai kala ne kawai babu ƙamshi.

Naki,
Mamman Sani

Yamai, 17 ga Janairu 2023

Mamman Sani,

Na samu tattasai, na gode. Ka gaida Inna. Sauran gaisuwar ka jira ta, yau ba ni da ita.

Ba ka san amfanin logs ba, to bari in gaya maka. Littafin mashin ne. Duk wanda ya buɗe shafi, sai ta rubuta ranar, da lokacin, da abin da ya buɗe. Ba ta mantuwa kuma ba ta kunyar kowa.

Littafin ya ce sarber ya tashi ranar 13 ga Disamba, da PHP ɗinsa lafiya lau. Ya yi kwana goma sha tara yana aiki. Waya sittin da uku sun shiga. An buɗe hoton masallaci, an buɗe na mashaya, an buɗe gonaki ɗaya bayan ɗaya. Ranar 1 ga Janairu da hantsi wani ya kashe shi da hannu, cikin natsuwa, ba kuran ba ne. A minti na gaba aka mayar da layin Sharif cikin httpd.conf. Layin yana nan, ina kallonsa.

Ka haɗa shi daidai, kai kaɗai, ba tare da ka taɓa zama ajin wannan aiki ba. Da ka gaya mini da na yi alfahari da kai. Sai ka lalata shi da gangan, ka hana mutane garinsu, ka rubuto mini ƙarya shafi guda har da sunan tsoho Mahaman. Ni ba ɗan Kano ba ce da za ka ɗora mini mai kyau a bakin buhu.

Tambaya ɗaya. Na ce ka goge gwaji, ba ka goge ba. Littafin ya nuna an buɗe shi sau ɗari biyu da goma sha huɗu, daga waya ɗaya, kullum tsakanin takwas da goma na safe. Wace irin wauta ce wannan? Wa ke gwada sauti sau ɗari biyu?

Rabi'atu

Diffa, 25 ga Janairu 2023

Rabi'atu,

Assalamu alaikum. Lafiya muke. An kama ni, kuma wanda ya kama ni a cikin mangazata yake zaune yana shan kuran ɗina. Ban taɓa ganin ma'aikaci mai kai rahoton maigida irin wannan ba. Ba zan yi gardama ba. Duk abin da littafin ya ce haka ne. Sharif bai san komai ba, kada ki riƙe shi.

Bari in gaya miki abin da littafin bai rubuta ba.

Ranar kasuwar farko mangaza ta cika har na kasa auna kaya. Mutane sun tsuguna kan buhuna kowa da wayarsa. Tsoho Mahaman ya samu gonarsa, ya yi ta ja da yatsa yana ƙara girmanta, har ya nuna mini ramin da injin ban-ruwansa yake zama. Daga nan suka kama musu da wani kan iyakar da ke wajen giginya, kamar gobe za su je shuka. Gonar da rabonsu da ita shekara bakwai, sai da na shiga tsakani. Wata mata ta ga ƙofar ɗakinta da labulen a rataye, ta kife wayar a cinya, ta tashi ta fita. Ta dawo mako na gaba da ƴarta.

Na kai wa Goggo hoton gidanku, na matso da shi kusa da idon dama yadda kika ce. Ta daɗe tana dubawa. Ta ce tana ganin haske da wani duhu a tsakiya. Na ce tsamiya ce. Ta ce to. Ta miƙo mini wayar, ta ce, "Sa mini yarinyar nan mai ƙirga."

Wayar Fauziyya ce kika gani. Kowace safiya kafin ta taɓa tattasai sai an sa mata. Ki ce ana ji na, ita kuma ta ce, "Ana jin ki." Ta ce a sake. Wata rana sau biyar, wata rana sau ashirin. Matan sun daina dariya tun a mako na farko. Hotunan da kika yi shekaru kina tarawa don ita, Rabi, ba ta ganinsu. Daƙiƙa shidan da kika ce ba su da amfani, su ta ɗauka.

Na zauna na yi tunani irin nawa. Na ce idan na rubuta miki ya yi, za ki ce alhamdu lillahi, ki ɗauka kin sauke nauyi, ki aiko wani mayafin. Ga damina na tafe da abin da lokotoro ya faɗa. Layi ɗaya kika taɓa rubutawa mai kama da alkawari, ko da wasa ne, ni kuma na saba riƙe mutum da kalmar da ta suɓuce masa. Sai na kashe.

Abin da ban auna ba, da sarber ya mutu muryar ma ta mutu. Goggo ta ce a sa mata, na ce mashin ta gagara sai Rabi ta zo. Ta jawo tire ta ci gaba da cire hanci. Kwana ashirin da uku ina kallonta tana zaune haka, kullum in ce gobe zan mayar, kullum in ce bari dai takardarki ta zo. Wannan shi ne abin da na yi, kuma ya fi ƙaryar da na yi miki muni.

Jiya na goge layin. Ya tashi a bugu ɗaya. Na gaya wa Goggo gaskiya, ta ce tun ina yaro haka nake.

Ba zan sake ce miki ki zo ba. Na yi ciniki da abin da ba na sayarwa ba ne, na kuma faɗi. Ki dai aiko mata wata muryar mai ɗan tsawo, ko labarin abin da kika ci da rana ne. Na san inda ake zuba fishiye yanzu.

Mamman Sani

Yamai, 2 ga Maris 2023

Yaya Mamman Sani,

Assalamu alaikum. Ina lafiya. Na san na yi shiru fiye da wata, kuma na ga kiranka ban ɗauka ba.

Na zauna in ɗauki muryar da ka ce. Sau tara ina farawa. Da na ce "Inna" sai in rasa na biyu. Ƙirga kaɗai na iya, ashe.

Ba aiki ne ya hana ni ba, ka sani. Lokacin da kuka bar Dalaram ina jami'a. Da Baba ya kwanta a Asaga ya ce kada a gaya mini sai na gama jarrabawa, na gama na tarar an rufe shi da kwana tara. Na ce zan zo sadakar arba'in, hanya ta lalace. Na ce shekara mai zuwa. Daga nan kowace shekara kunyar ta bara ta hau kan ta bana. Kuma a hotuna garin yana nan, Yaya. Labule a rataye, tsamiya a tsaye. Ina tsoron in hango kogi daga taga in tabbatar babu inda zan sauka.

Na ɗauki hutun kwana goma. Na yanki tike a motar Sha'ibu, ranar 14 ga wata. Kada ka karanta wa Inna wannan layin sai ka ga ƙafata a tasha, don ban yarda da kaina ba tukuna. Dariyar da na yi maka alkawari a gaban matan mangaza tana nan, ka shirya.

Ƙanwarka,
Rabi

Diffa, 10 ga Maris 2023

Rabi,

Sha'ibu zai miƙa miki wannan a tashar Yamai kafin ki hau. Kowa lafiya.

Na sa ya riƙe miki kujera ta hannun hagu, jikin taga. Daga Maine zuwa nan kogi yana dama, hagu kuwa ba komai sai yashi da awaki. Idan kin ji kina iyawa, ki ce wa na kusa da ke ku yi musanya, ki ce ni na ce. Idan ba ki iya ba, kogin ba ya zuwa ko'ina. Asaga ma sai ranar da kika ce, tsoho Mahaman ya san wurin kabarin, shi zai kai mu.

Layin da kika hana, na karanta mata. Kin san ba a tsallake mata komai, tana gane inda murya ta yi tsalle. Kuma yanzu kin san ta sani, sai ki san yadda za ki yi ki fasa. Wannan ba ƙarya ba ce, ciniki ne a fili.

Ta sa an wanke mayafin shuɗi. Ta matsar da tabarmarta daga lungu zuwa bakin ƙofar mangaza, inda rana ke faɗowa da safe, ta ce a nan idon ya fi kamawa. Idan kin shigo kada ki tsaya daga nesa kina gaisuwar ƴan birni. Ki matso ta hannun damanta, kusa sosai.

Idan kin huta ki duba littafin ma'aikacin nan naki mai tsegumi. Tun ranar da na karanta mata takardarki ba a buɗe gwaji ba ko sau ɗaya. Fauziyya ta miƙa mata wayar, ta ture, ta ce a bar yarinyar ta huta da ƙirga, mai muryar na hanya.

Allah ya kawo ki lafiya.

Taubashinki,
Mamman Sani